Guga Shida Kafin Gwaji

Asabar, 3 ga Yuni, 1961, bayan la'asar, a jirgin ƙasa na komawa gida

Yau bututun ya yi ruri! Ina rubutu jirgi na jijjiga ni, hannuna ma rawa yake yi, to ban san wanda zan ɗora wa laifin wannan karkataccen rubutu ba. Shekara biyu muna gina abin nan cikin rumfar kwano a bakin hamada, kudu da Alƙahira, ana ce mana mahaukata masu son kama iska a kwalba. To, yau mun kama.

Bari in rubuta yadda yake, ko don ranar da zan tsufa in manta. Daga baya akwai Tulu, ƙaton tankin ƙarfe mai siffar ƙwallo, wanda famfo ke zuƙe wa iska minti arba'in har ya zama wayam. Daga gaba akwai bakin bututu, yana kallon 'yar farfajiyarmu ta baya. Da an fizge ƙarfen buɗewa, iskar farfajiya sai ta afka a guje don ta cika Tulu, kuma ba ta da hanya sai ta maƙogwaro: guntayen tagulla biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sun matse sannan sun buɗe a hankali. A nan take zarce gudun sauti, ta yi ɗaya da rabinsa. Daƙiƙa goma sha biyu kawai, sai a koma jiran famfo.

Maƙogwaron aikin babban maƙerinmu Usta Mitwalli ne. Wata bakwai yana gogarsa da magagari, yana bin lambobin da Dakta Rushdi, shugabanmu, ya lissafa masa, wuri arba'in daga baki zuwa ƙarshe. Usta aminin babana ne tun suna ma'aikatar jirgin ƙasa, shi ya fara ɗora min magagari a hannu ina shekara tara. Ni kuwa aikina in sa iska ta fito a hoto. Kayana madubai biyu ne, da fitila, da farantin hoto, da reza guda wadda ke yanke rabin haske. Rezar ma ta askin Usta ce.

"Tifa," in ji shi, "in hoton ya fito da gemu, kada ki yi mamaki."

Shi kaɗai ke kirana Tifa a wurin. Kowa Ustaza Awatif yake cewa.

Babbar abokiyar gabana ƙura ce, tsinke ɗaya a kan madubi ya isa ya ɓata min faranti. Shi ya sa na sa aka rufe saman farfajiya da tabarmi, na kuma umarci Ammu Bayumi mai shara ya yayyafa guga shida kafin kowane gwaji.

"Ruwa albarka ne, Ustaza," ya ce. "Ko mai sayar da wake ba ya buɗe shago bai yayyafa ƙofarsa ba. Amma shida? Shinkafa za mu shuka?"

Na ce shida, kuma ina ƙirgawa.

Da Usta ya fizge ƙarfen, kwanon rumfa ya ɗau kaɗawa, zaibar da ke auna mana gudun iska ta yi tsalle cikin kwalabenta, kunnuwana suka toshe. Dakta, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya rungume Ammu Bayumi da gugansa duka. Gobe zan wanke faranti. Yaya za a yi in yi barci?

Lahadi, 4 ga Yuni, ƙarfe goma na safe, ƙofar ɗakin duhu

Ga ta! Ga iska! Daga hancin ɗan samfurin jirgin saman da muka kafa a tsakiya, layi biyu sun tashi sun koma baya, sirara, a miƙe, kamar gashin bakin ɗan sanda. Na yi guɗa ni kaɗai cikin duhu, har Ammu Bayumi ya buga ƙofa yana tambaya ko kunama ce.

Abu ɗaya dai. Can baya, dab da inda maƙogwaro ya fara buɗewa, akwai wani baƙin zane mai kauri da ya gitta hanya. Babu shi a lissafin Dakta. Zaiba ma ta ce gudun bai kai yadda aka zana ba. Usta ya leƙa ta saman tabarau ya ce, "Baƙo ne ya zo biki ba gayyata. A ba shi shayi zai tafi." Mun sa masa suna Baƙo.

Talata, 6 ga Yuni, lokacin abincin rana

Gwaji tara, Baƙo tara. Wani lokaci yana matsowa gaba kaɗan, wani lokaci ya ja baya, amma bai taɓa fashi ba. Na kwance madubaina na goge na mayar, na canza reza, na canza fitila. Ina kuma ganin wani fari yana gilmawa ta gilashin taga in iska na gudu, kamar an ɗiga madara a ruwa. Ƙyallin fitila ne, ina jin. Na ƙara wa Ammu Bayumi kashedi kan yayyafi.

Ɗazu aka yi ta. Dakta ya ce a cire tagulla, Usta ya rage kafaɗar maƙogwaro, tunda a nan Baƙo ke tsayawa. Usta na cin gurasa da ƙosai, bai ko ajiye ba.

"Dakta, lambarka na bi. In lambar ce ba daidai ba, ba ni wata. Amma ba zan ɗora magagari a kan abin da yake daidai ba."

"Manya za su zo ƙarshen wata, Usta. Me zan nuna musu?"

"Nuna musu Baƙo. Ai su ma baƙi ne, sai su gaisa."

Na yi dariya, Dakta ya harare ni. Taurin kan tsohon nan ko tagullarsa albarka. Amma ni ma na ƙosa. Me zai ragu a jikinsa in ya ɗan goga?

Laraba, 7 ga Yuni, da yamma

Goma sha huɗu. Yana nan.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan magariba

Wani mutum ya zo da baƙar mota, sanye da farin takalmi. Farin takalmi a wurinmu! Ya sha shayi ofishin Dakta, ya zaga rumfa bai taɓa komai ba. Muryarsa a ƙasa take, kuma ya san sunan babana. Ya tambaye ni shekara nawa Usta ya yi aiki da Turawa a da, da su wa yake zama a gidan gahawa, da ko na taɓa jin ya ƙi bin umarni. Na amsa abin da na sani.

Sannan aka kawo wata takarda. Ta ce madubaina lafiya lau suke, ta ce kwalaben zaiba lafiya lau suke. Gaskiya ne, na duba su da hannuna. Akwai layi ɗaya a ƙarshe. Dakta ya sa hannu, ya miƙo min alƙalami. Jirgin ƙarfe huɗu ya kusa tashi.

Mama ta yi miyar lalo da zomo. Ban iya ci ba, zafi ne.

Asabar, 10 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Teburin Usta a share. Magagarai goma sha biyu a jere bisa girmansu, kofin shayinsa a kife. An ɗaure ƙofar akwatinsa da waya an manna jan kakin hatimi.

Ammu Bayumi ya ce an kama shi tun ranar Alhamis ɗin, a tasha. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Layin ƙarshen nan cewa ya yi kuskuren yana aikin maƙogwaro, kuma mai aikin ya ƙi gyarawa da aka umarce shi. Rabi na biyu gaskiya ne.

Lahadi, 11 ga Yuni, da safe

Ba ni na rubuta ba. Hannu kawai na sa.

Talata, 13 ga Yuni, bayan azahar

Labari mai daɗi tukuna. Na samo yadda zan haska da tartsatsin wuta maimakon fitila, walƙiya ɗaya gajeriya, iska ba ta samun damar motsawa a hoto. Layukan sun fito kamar an ja su da allura. Na nuna wa Dakta, ya ce ko a ƙasashen waje ba a fi haka ba. Sau uku na juya zan kira wani ya zo ya gani.

Baƙo ma ya fi fitowa da kyau, ja'iri.

An sa ranar kwamiti, Laraba ta sama, 21 ga wata. Su za su yanke ko kuskure ne ko da gangan aka yi. In suka ce da gangan, maganar ta bar hannun Dakta, kuma Usta ba zai dawo gida ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Ranar Litinin za a cire tagulla a kai wani wuri a sake yanka ta. Da an yanka ta kuwa, ba sauran wanda zai iya cewa da daidai take ko ba daidai ba.

Na ce wa Dakta, "Shin wani ya auna ta kuwa?"

Ya ce, "Wa zai auna aikin Usta Mitwalli? Da ma shi ke auna namu."

Juma'a, 16 ga Yuni, bayan an sauko masallaci

Mama ta dafa mahshi, ganyen nan da ake naɗe shinkafa a ciki, ta ɗaure a tukunya ta ce in kai wa matar Usta a unguwar Bulaƙ. Na je har bakin lungunsu. Na hango ƙofar, na hango matar zaune a dakali da baƙin mayafi. Na ba wata maƙwabciya tukunyar na juyo.

Da na dawo Mama ta dube ni ta ce, "Ranar da babanki ya rasu, wa ya ɗauki gaban makara?" Na ce kaina ke ciwo. Ta ce, "Ai dole."

Asabar, 17 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Tsaya, Awatif, rubuta a hankali.

Bututun ruwan yankinmu ya fashe tun jiya, famfon ruwa ko ɗigo babu. Dakta ya tafi taro, ya bar min umarni in ɗauki hotunan ƙarshe da za a kai wa kwamiti shaida. Na fito farfajiya na tarar da ƙasa a bushe ƙamas, Ammu Bayumi na tsaye da guga a kife.

"Ina ruwana?"

"Ustaza, ko na alwala babu, taimama na yi da ƙasa."

Na zazzaga masa masifa, Allah Ya yafe min. Na ce in ƙura ta ɓata min madubi shi zai lashe ta. Sannan na ce ya fizge ƙarfen, tunda shi ke fizgewa yanzu.

Na wanke farantin. Babu Baƙo.

Na ce farantin ne ya lalace. Muka jira famfon iska minti arba'in, muka sake. Babu. Muka sake. Babu! Hanya fes daga maƙogwaro har hancin samfuri, zaiba kuma ta tsaya cak a kan ɗaya da rabi, daidai inda Dakta ya ja jan layi shekara biyu da suka wuce. Farin nan mai kama da madara ma bai gilma ba. Na kama hannun Ammu Bayumi muka yi ta zagaya Tulu, shi bai san dalili ba, yana ta cewa, "Allah Ya ƙara, Allah Ya ƙara."

Asabar ɗin dai, a jirgi

Na gane! Wata yarinya ce ta hura wa gilashin taga numfashi tana zane da yatsa, sai abin ya faɗo min. Iska in ta buɗe a guje cikin maƙogwaro, sanyi take yi, sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa. In akwai danshi a cikinta, nan take zai zama ɗan gajimare. Shi ne farin da nake gani! Gajimaren na haɗuwa yana sakin zafi, zafin ya bangaje iskar, bangazar ce ke fitowa baƙa a hotona. Shi ya sa Baƙo ke matsawa gaba da baya, ya danganta da yadda ƙasa ta sha ruwa. Tagulla ba ta tafiya, ai da na yi tunani!

Gajimare cikin rumfar kwano, a watan Yuni, a bakin hamada. Na yi dariya da ƙarfi, wani mai jarida ya matsa gefe. Har na wuce tashata.

Lahadi, 18 ga Yuni, ƙarfe uku

Ruwa ya dawo. Ban gaya wa kowa ba, na gwada. Ƙasa a bushe, hanya fes. Guga biyu, wata 'yar inuwa. Guga shida, ga Baƙo da ƙibarsa kamar bai taɓa tafiya ba. Na yaye tabarmi rana ta busar da wurin, ya ɓace. Ina kiransa yana zuwa, ina korarsa yana tafiya! Na jera faranti shida a kan taga ina kallo kamar 'ya'yana.

Lahadi, bayan magariba

Guga shida. Wa ya ce a zuba? Wa ke ƙirgawa?

Litinin, 19 ga Yuni, kafin fitowar rana

In na yi shiru, yau za su ɗauke tagulla, su yanka, Baƙo ya ci gaba da zuwa, ni kuma wata rana in hana yayyafi a hankali, kowa ya ce sabon yankan ne ya gyara. Ba wanda zai sani. Na yi wannan tunanin, na rubuta shi don in gan shi da idona. Muni gare shi.

Mai farin takalmi zai tambayi wanda ya ba da umarnin ruwa. Zai tambaya ko da gangan ne. Ina jin tsoro, tsoro sosai.

Laifi tudu ne, haka babana ke cewa in na kawo ƙarar wani. Na taka nawa na hango na Usta, har da sa hannu.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Na tare masu ɗaukar tagulla a ƙofa, na ce ba mai taɓa ta sai ya bi ta kaina. Ɗayansu ya ce, "Ustaza, ai kanki bai kai tsayin akwatin ba." Na ce ya gwada.

Na shimfiɗa wa Dakta faranti shida a kan tebur. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, kujera ta faɗi, ya ɗau alli ya cika allo da lissafin sanyi, yana faɗin, "Tabbas! Tabbas! Wayyo ni jaki!" Ya ce za mu gina ɗakin busar da iska a bakin bututu, mu jera tire-tire na ƙonanniyar farar ƙasa ta tsotse danshi kafin iska ta shiga. Muka yi ta zane muna katse juna. Minti goma mun manta da komai.

Sai ya ajiye allin.

"Kin san abin da wannan ke nufi a gare ki?"

"Na sani."

"Za mu iya cewa yanayin gari ne."

"Sai su ce to me ya sa ya ɓace ranar Asabar. Sai su tambayi mai guga."

Ya dubi Ammu Bayumi ta taga, yana shara yana 'yar waƙarsa. Ya ce, "Ni ma na sa hannu, Awatif." Na ce na gani, alƙalaminsa na ara.

Laraba, 21 ga Yuni, bayan la'asar

Sun zo su biyar, har da farin takalmi. Dakta ya ce ba za mu yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Muka yi gwaji ƙasa a bushe, na wanke faranti a gabansu, wani mai tumbi ya biyo ni har ɗakin duhu don kada in yi sihiri. Fes. Sai na ce Ammu Bayumi ya kawo ruwa.

Bawan Allah ya fito da guga, rabin ruwan a kan ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, na rantse da Allah ni yayyafi kawai nake yi. Tun kakana muke yayyafi, ba a taɓa kama kowa ba."

Biyu daga cikinsu suka yi dariya. Farin takalmi bai yi ba, ya ɗan ja baya kada laka ta taɓa shi. Guga shida, minti arba'in na jira, sannan ruri. Na ce su zuba ido a gilashi, duka suka ga farin ya gilma. Na fito da faranti, ga Baƙo.

"Wa ya ba da umarnin zuba ruwan?" Muryar nan tasa ta ƙasa.

"Ni ce. Shi biyu ya so, ni na ce shida. Ni na sa aka rufe da tabarmi. Takardar ranan ma na sa mata hannu ban auna tagullar ba, ban kuma ga wanda ya auna ba."

Muryata ta fito siririya kamar ta 'yar makaranta, amma ta fito. Ya yi rubutu mai tsawo. Ya riƙe ni awa biyu a ofis shi kaɗai. Ba zan rubuta wannan ba. A ƙarshe mai tumbin, wanda ashe injiniya ne, ya shigo riƙe da farantan biyu ya ce, "Wannan ba laifi ba ne, ilimi ne, a bar yarinya ta tafi." Za a sa min takardar gargaɗi a fayil. Su sa goma.

Na tambayi yaushe za a saki Usta. Ba a amsa min ba.

Alhamis, 22 ga Yuni, da rana

Ammu Bayumi ya shigo a guje ba sallama. Ɗan'uwansa mai tura kura a Bulaƙ ya ga Usta da safe. Ya dawo gida! Na zauna a ƙasa cikin ɗakin duhu na yi kuka har na gode Allah.

Juma'a, 23 ga Yuni, bayan magariba

Wannan karon na shiga lungun. Na same shi a ƙofar gida, la'asar sakaliya, da gwangwani a hannu yana yayyafa wa ƙofarsa ruwa. Ya rame. An aske masa kai.

"Sannu da zuwa, Ustaza Awatif."

Ustaza. Da mari ya ba ni da ya fi min sauƙi.

Matarsa ta kawo shayi ba ta dube ni ba. Na fito da farantan biyu na ɗaga su a rana, na yi masa bayanin sanyi da gajimare da guga shida. Ya dubi faranti, ya dubi gwangwanin da ke gefensa, sai dariya ta ƙwace masa har ya sarƙe da tari.

"Ruwa? Kwana goma sha huɗu ana tambayata wa ya aiko ni, ashe Bayumi ne da gugansa!"

"Ni ce, Usta."

"Na sani. Sun nuna min takardar." Ya kurɓi shayi. Da hannu biyu ya riƙe kofin. "Har yanzu kina jan wutsiyar harafin ƙarshe kamar babanki Fahmi. Tun daga nesa na gane."

Na ce ya yafe min. Na faɗa sau biyu, na biyun bai fito sosai ba.

Ya ce, "Ban ji haushi don kin ce akwai kuskure ba. Kowa na kuskure, ni ma na taɓa ɓata tukunyar jirgi guda. Abin da ya tsaya min, ma'auni na nan a kan teburina, taku uku daga naki. Wa ya koya miki sa hannu a kan abin da ba ki auna ba? Ni ko babanki?"

Ya ɗaga farantin mai tsabta ya daɗe yana bin layin maƙogwaro da ido, bakinsa na ɗan motsi. Sannan ya ce gobe in cire tagulla in ɗora a tebur, zai zo.

Ya riƙe farantin. Bai tambaya ba, ni ma ban ce a mayar ba.

Asabar, 24 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Ya zo da jirgin bakwai da wankakkiyar riga. Dakta ya fito har ƙofa ya tarbe shi, ya fara wani dogon jawabi, Usta ya ce, "Dakta, shayi dai." Ammu Bayumi ya ɓoye gugansa bayan Tulu.

Ya zauna a kujerarsa, ya tura min ma'aunin nan mai allura wanda ke jin kaurin gashi, da takardar lambobi arba'in. Na ce ko shi zai riƙe. Ya ɗora hannun damansa a kan tebur muka dube shi mu biyu, yana rawa shi kaɗai.

"Wannan bai gama dawowa ba tukuna," ya ce. "Auna."

Na auna. Ina kiran abin da allura ta nuna, yana duba takarda yana cewa, "Wuce." Ɗaya, wuce. Biyu, wuce. A na goma sha bakwai, kafaɗar da aka ce ya rage, gumi ya shiga min ido, na goge na kira lamba. Ya sake duba takarda, sannan ya ce, "Wuce." Awa uku muna yi. Arba'in cikin arba'in, ko rabin gashi babu.

Na kawo farar takarda na rubuta haka, na sa hannu, na ja wutsiyar harafin har ƙarshen layi. Na miƙa masa. Ya karanta a hankali, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji.

Sannan ya jawo zanen ɗakin busar da iska da muka yi ni da Dakta, ya juya shi sama da ƙasa, ya yi tsaki.

"Wa ya zana wannan ƙofar? Ta nan danshi zai shiga ya yi muku sallama. Hannuna ba zai riƙe magagari ba sai an kwana biyu, to naki zai riƙe. Ɗauko na uku daga hagu, Tifa, kuma ki tsaya daidai, kin tsaya kamar buhun albasa."

Na ɗauko.